Allah Ya Ƙara wa Ƙafa Daraja

Lokaci ya yi da za a daina cin naman manyanmu a kan takalmi. Duk majalisar da ka zauna, daga teburin mai shayi har dandalin Facebook, zancen ke nan: wai wane ya je ɗaurin aure da takalmin miliyan ɗaya da rabi, wai wane ɗaki guda ya ware wa takalmansa har da na'urar sanyaya iska. Masu wannan surutu ba su san tattalin arziki ba. Su a ganinsu almubazzaranci ne, alhali masu abin sun faɗa da bakinsu cewa jari ne. Tunda kuwa ba a taɓa jin mai kuɗi ya yi ƙarya a ƙasar nan ba, ni na yarda, har na ga ya zama wajibi in kare su.

A fara da lissafi, tunda shi ne ba ya son kai. Ranar 29 ga Mayu, 2023 aka cire tallafin man fetur. A tsakiyar watan Yuni aka saki naira ta nemi matsayinta a kasuwa, dalar da ake samu a wajen naira 460 a farashin gwamnati ta yi ta hawa har ta wuce 1,500. Kowa ya shiga neman inda zai ɓoye ɗan abin hannunsa. Wani ya sayi fili, ya manta da rusau. Wani ya tara masara, ya manta da ƙwaro. Mai hangen nesa kuwa ya sunkuyar da kai, ya ga ƙafarsa, ya ce ga banki. Takalmi ɗan Italiya na dala 1,000 ya kama naira miliyan ɗaya da rabi. Mafi ƙarancin albashi tun Yulin 2024 naira 70,000 ne. Wato masinjan ofis sai ya yi sama da wata 21 bai ci ba, bai sha ba, bai hau ɗan sahu ba, kafin ya haɗa kuɗin. To mutumin da ya iya dunƙule gumin wata 21 na masinjansa, ya zura ƙafa a ciki, ya ɗaure da igiya, ba za a kira shi gwanin adana dukiya ba?

Babbar hujjar manyanmu ita ce wadda iyayenmu suka bar mana: araha ba ta ado. Sun ƙara da cewa mai tsada shi ne mai arha, domin sau ɗaya ake sayensa. Wannan magana dutse ce. Dubi talaka da silifas ɗinsa. Wata biyu hancin ya tsinke, ya soke shi da ƙusa. Ƙusa ta ci robar, ya ɗaure da waya. Dunduniyar ta cinye har ƙafarsa na shafar ƙasa, ya kai wa shumeka, shumeka ya juya shi gaba da baya ya ce, "Malam, wannan sai haƙuri." Kafin shekara ta zagayo ya kashe takalma sun fi a ƙirga, ko ɗaya babu wanda zai bar wa magada. Idan ana neman almubazzari a ƙasar nan, ga shi nan yana tafe a gefen titi da buhu a ka.

Na Alhaji kuwa shekara goma yana nan sabo fil. Ka roƙi yaron gida ya ɗauko maka shi ka juya ƙasansa. Tambarin kamfanin da aka buga a tafin yana nan raɗau, ko ƙwarzane babu. An cusa masa wani katako mai siffar ƙafa don kada ya lanƙwashe, an sa shi a 'yar jakar ƙyalle mai laushi, jakar a cikin kwali, kwalin a kan kanta. Wasu na cewa sirrin a fatar yake, wasu na cewa a ɗinkin. Ni da na bi sawunsa na yini guda na gano inda ingancin yake. Da safe ya sauka daga tayil zuwa shimfiɗar mota. Daga mota zuwa kafet ɗin ofis. Daga ofis zuwa ɗakin manyan baƙi na filin jirgi. Taku nawa ne duka? Takalmi mai inganci shi ne wanda bai san tafiya ba, mai shi ma haka. Talaka ne ya ɗauka wai don tafiya aka yi takalmi, shi ya sa nasa ba ya ƙarko.

Daga nan za ka gane rashin adalcin masu cewa wai me ya sa titin unguwa da aka ba da kwangilarsa tun bara har yau taɓo ne. Wa ya ce su bi ta nan? Wanda ya sa hannu a takardar bai taɓa kukan taɓo ba. Wanda ya karɓi kuɗin ma haka. Duk cikinsu babu wanda takalminsa ya ɓaci, kuma wannan shaida ce da ido ke gani cewa titin lafiyarsa ƙalau.

Amma inda manyanmu suka fi cancantar jinjina shi ne karamci. Kowa ya san ƙasar Hausa ƙasar fata ce. Tun a ƙarni na 16 matafiyin nan Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya ba da labarin dukawan Gobir da takalmansu da ake kaiwa Tambutu da Gao. A 1851 Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya zauna a Kano ya ga bayan tufafi babu abin da ake fitarwa nesa kamar takalma, har ya rubuta cewa mafi kyawunsu, taka-saraki, wuri 200 ake sayar da shi. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ta dinga keta Sahara a bayan raƙuma, tana isa Turai ta tashoshin Arewacin Afirka, Turawa suna rufe littattafansu masu daraja da ita suna kiranta fatar Maroko. Mu muka yi kiwo, mu muka yi jima, wani ya ɗauki suna. Ba mu ce uffan ba. Ɗan halak ba ya gori.

Jikokin nan na yau sun riƙe wannan gado hannu bibbiyu, har sun ƙara a kai. Ana yanka akuya a Sakkwato ko Maigatari, dillali ya bi kasuwanni ya tattara fatun ya barbaɗa musu gishiri, a loda a mota zuwa masana'antun jima na Calawa da Sharaɗa. A sarrafa, a cika kwantena, a tura Italiya da Sifaniya da Indiya da Sin. Can a yanka, a ɗinka, a buga tambari, a jera a kantin Milan. Sai Alhaji ya nemi biza, ya yanki tikiti, ya canji dala, ya je ya fanso fatar akuyar garinsu da kuɗin da zai sayi garke guda. Abin kamar uban da ya tura ɗansa karatu waje ne, yaro ya dawo ba ya jin Hausa, ba ya cin tuwo, uban kuwa sai washe baki yake yana nuna shi ga baƙi. Akuyar ma ta yi karatu. Da ta tsaya a gida da yanzu tana rataye a rumfar Ƙofar Wambai ana tayawa.

Wannan karamci yana ciyar da bayin Allah da yawa. Mai ɗinki a Italiya yana biyan kuɗin makarantar 'ya'yansa. Mai kanti a Dubai ya sake mota. Kamfanin jirgin sama yana cika kujerun gaba. Duk da kuɗinmu, kuma babu wanda ya tilasta mana. Masu ƙaramin tunani kan ce gida bai ƙoshi ba ba a kai wa dawa. Su manyanmu zuciyarsu ta fi gida faɗi. Sadaka ai an ce wadda aka ɓoye ta fi lada, to wace ɓoyewa ta wuce ka kai ta inda ko sunan garinku ba a sani ba?

Kada a ce sun manta da na gida. Suna tunawa da su, har suna koya musu tawali'u. Je ka majema ka ga mutum tsaye cikin ruwan toka, ya ɗora fata a kan gungume yana kankare gashin da wuƙa mai ƙota biyu, warin wurin kaɗai ya isa ya kori baƙo. Ya jiƙa ta a ruwan bagaruwa, ya shanya, ya shafe ta da mai, ya murza har ta yi laushi, ya rina ta ja da karan dafi. Baduku ya karɓa, ya zauna a kan buzu da basilla da zare, ya sunkuya yini guda har wuyansa ya ƙage. Ranar da Allah ya kawo Alhaji rumfar, wataƙila don sayen tsarabar wani Bature, ga yadda cinikin ke tafiya:

"Ranka ya daɗe, wannan fatar akuya ce zalla, ɗinkin hannu. Dubu ashirin da biyar."

"Haba malam, na gida ne fa. Dubu goma, in ka sallama."

"Albarka, Alhaji. Wallahi ko kuɗin fatar bai fito ba."

"To bar shi. Ku matsalarku ke nan, son kuɗi."

Mutumin nan da ya tsaya yana ja-in-ja a kan dubu goma sha biyar shi ne wanda a Milan ko tambayar ragi ba ya yi, don kada yarinyar kanti ta raina Najeriya. Can ya kare mutuncin ƙasa, nan ya kare baduku daga sharrin dukiya. Da ya biya shi yadda ya nema, gobe sai baduku ya ɗauki yara goma aiki, jibi ya sayi keken ɗinki na lantarki, gata ya fara tunanin shi ma mutum ne. Wa zai zauna a kan buzu ya riƙe mana al'ada?

'Yan'uwanmu na Aba sun riga dukawanmu gane karatun. A kasuwar Ariaria dubban masu sana'a ne ke ɗinka takalma, kuma an daɗe ana ba da labarin yadda wasunsu ke buga tambarin Italiya a kan aikin hannunsu, don in suka rubuta Aba mai saye zai yamutsa fuska. Kun ga irin tarbiyyar da manyanmu suka yi wa kasuwa: sun koya wa mai sana'a cewa sunan garinsu abin kunya ne, ya kuwa haddace. Ba mamaki cikin kwalayen da ke jere a ɗakin nan mai sanyi akwai ɗan Aba ɗaya ko biyu da ya yi ɓad-da-kama, yana shan iska tare da 'yan Milan, ba wanda ya gane. Wannan ma haɗin kan ƙasa ne.

Idan ka tambayi dalilin da ya sa masana'antun jima da dama a Kano suka rufe, aka bar maigadi da ciyawa, mahassada za su ce rashin wutar lantarki ne, da tsadar man janareta, da takalman roba na Sin da suka cika kasuwa. Alhamdu lillahi an gano mai laifin na gaskiya. A 2022 shugaban cibiyar binciken fata ta ƙasa da ke Zariya ya ce ana neman dokar da za ta hana cin ganda, domin fatar shanun da ya kamata a jeme tana ƙarewa a tukunya. Ashe matar da nama ya fi ƙarfinta, ta sayi gandar ɗari biyu don yara su ji wani abu a haƙori, ita ce ta durƙusar da masana'antun Arewa. Da ma an daɗe ana zarginta. Wanda ya kwashi dala ya kai Milan ɗan kishin ƙasa ne, wadda ta cinye takalmin a cikin miya ita za a kama.

Ta fuskar addini ma jarin nan yana da fa'ida. Da can mutum yakan watsar da takalminsa a ƙofar masallaci ya shige, ko waiwaye babu. Wannan sakaci ne da dukiya. Yanzu dubi Alhaji ranar Juma'a. Ya tuɓe, ya haɗa tafin biyu, ya zura a leda, ya shiga da shi har sahun gaba, ya ajiye daidai inda goshinsa zai sauka. Malamai sun ce mai salla ya kafa idonsa a wurin sujada. Wa ya kai Alhaji bin wannan? Daga kabbarar harama har sallama idonsa bai gusa ba. Wanda ya ga ya kyautu ya bar shi a waje kuma yakan sa direba ya tsaya gadi, direban ya rama sallarsa daga baya. Wani lokaci duk da haka a fito a tarar babu. Nan za ka ji salati da salallami irin wanda ba a ji ba ko lokacin huɗuba. Abin da ya sa bawa ya ambaci Ubangijinsa da wannan ƙarfi ai ba za a kira shi asara ba.

Akwai kuma amfanin da takalmin ke yi wa tarbiyyar jama'a. A al'adarmu ƙarami ke tuɓe takalmi tun daga nesa ya durƙusa ya gai da babba. Wanda ya durƙusa kuwa ba fuska yake gani ba, ƙafa yake gani. Ashe tausayi ne ya sa babba ya ƙawata wurin da idon talaka zai sauka. Mutum ya zo tun hantsi neman a sa masa hannu a takardar fansho, an ce ya dawo wani makon, amma aƙalla ya koma gida ya ga abin da zai ba iyali labari. Yaron nan ɗan shushaina da ke ƙwanƙwasa akwatinsa a titunan Abuja da Legas shi ma ya samu rabonsa. Ba a ba shi ya goge, don man da yake amfani da shi zai ɓata fatar, amma an bar shi ya kalla kyauta.

Masu taurin kai za su kawo zancen Kaltungo. Can a jihar Gombe akwai asibitin da aka keɓe don saran maciji, inda ake kwasar manoma da makiyaya, musamman lokacin shuka da girbi, akasarinsu kububuwa ta sare su a ƙafa. Likitoci sun gaji da faɗin cewa takalmin roba mai dogon wuya zai hana da yawa daga cikin wannan. Sai a ce wai kuɗin ƙafa biyu na Alhaji zai saya wa manoman ƙauye guda irin wannan takalmi. To in an saya musu fa? Cikin taɓo za su shiga da shi. Damina biyu ya yage. Ka zuba miliyan ɗaya da rabi a abin da za a taka ƙasa da shi, wannan shi ne jari?

Su kuma yaran da ke yawo ba takalmi, da robar bara a hannu, suna tsallen kwalta da tsakar rana a watan Afrilu, kafin a ce an zalunce su a tuna da tarihi. A Satumbar 2010 Goodluck Jonathan ya tsaya a dandalin Eagle da ke Abuja yana neman shugabancin ƙasa, ya gaya wa duniya cewa yana yaro a Otuoke ba takalmi yake zuwa makaranta. Mutane suka yi ta share hawaye, a 2011 ya ci zaɓe. Wato rashin takalmi ma jari ne, kuma ribarsa ta kai fadar shugaban ƙasa. Manyanmu sun ga haka, suka ce ba za su toshe wa yaran talakawa hanyar arziki ba. Duk yaron da ka gani ƙafarsa ta yi faso yana bin bola, shugaban gobe ne ake renonsa. 'Ya'yansu na cikinsu kuwa sun sadaukar da su, sun sa musu kambas na dala ɗari biyu, sun haramta musu wannan dama. Ina aka taɓa ganin rashin son kai irin wannan?

Saura tambaya ɗaya da 'yan kasuwa kan yi: jari ai riba yake kawowa, wannan yaushe zai kawo? Amsar tana Filifin. A Fabrairun 1986 jama'a suka kori Ferdinand Marcos daga mulki, shi da matarsa Imelda suka tsere Hawaii. Da aka shiga fadar Malacañang aka tarar da takalman uwargida sama da dubu, wasu ma na cewa dubu uku. Shekarun da suka yi a mulki, da bashin da suka bar wa ƙasa, da mutanen da aka ɗaure, duk duniya ba ta riƙe su kamar yadda ta riƙe takalman nan ba. Yau ɗaruruwa daga cikinsu suna jere a gidan tarihin takalma na birnin Marikina, baƙi na biya suna kallo. Wasu da aka ajiye a kwalaye an ba da labari a 2012 cewa gara da ruwa sun lalata su, amma wane jari ne ba ya gamuwa da ƙaddara? Wanda ya gina rijiya a manta da shi. Wanda ya tara takalma sunansa ya shiga tarihi.

Sai dai Imelda tana da tabo ɗaya. Marikina garin masu ɗinkin takalma ne, ita kuma takan sa na gida, har tana tallata su. Namu sun tsarkaka daga wannan rauni. Ko Sarki Muhammadu Rumfa, wanda tarihin Kano ya danganta takalmin gashin jimina da zamaninsa, a gida ya tsaya, don a lokacin babu biza. Na yau sun wuce shi wayewa.

Saboda haka ina ba hukuma shawara, kuma kyauta. Cikin masana'antun jimar da suka rufe a Sharaɗa a zaɓi mafi girma, tunda wuri ne a shirye, babu ƙarar inji, babu ma'aikacin da zai dami kowa. A share, a sa gilasai, a roƙi manyanmu kowa ya kawo abin da ya tara, a rubuta sunansa da muƙaminsa da farashin kowane ƙafa biyu, a gefe kuma a rubuta sunan aikin da aka ba shi ya yi a shekarar da ya saya. A ɗauki tsofaffin majema da dukawa su zama masu gadi, su ne za su iya nuna wa baƙo wace fata ce ta Sakkwato, wace ce ta Maraɗi. Ranar Alhamis a buɗe wa almajirai da 'yan firamare su shiga kyauta. Doka ɗaya ce a ƙofa, kowa ya tuɓe takalminsa kafin ya shiga, kuma albarkacin hangen nesan manyanmu yawancin yaran ba za su sha wannan wahala ba.